Gidan jinya ga waɗanda cutarsu ta daina jin magani: ya dace da jama'armu a Makka?

Baban Hafsa (Hindawiyya)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da 'yan'uwa da ke wannan zaure, wani bawan Allah daga cikinmu, wanda ya nemi kada a ambaci sunansa, yana da niyyar yin waƙafin gida mai hawa biyu domin amfanin jama'armu. Wasu sun ce a mai da shi makarantar hadda, wasu sun ce a yi ribaɗi, wato masaukin sadaka, na tsofaffin mata irin waɗanda muka sani a Makka da Jidda, sai wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta kawo shawara ta uku, wato a mai da shi gidan da za a riƙa kwantar da manyan marasa lafiya waɗanda likitoci suka tabbatar cutarsu ta daina jin magani, irin wanda Turawa ke kira hosfis. Mai waƙafin ya ce ba zai yanke shawara ba sai ya ji bakin jama'a. Ina roƙon a tsaya kan shawara ta uku, domin ita ce ta raba kan mutane.

Kawu na Tundubawi

Wa alaikumus salam. Allah ya saka wa mai waƙafi da alheri, amma ni ban yarda da wannan shawara ba, kuma zan faɗi dalilina a fili. Kakanninmu sun tako da ƙafa daga Kano da Sakkwato da Borno, wasu sun yi shekaru suna noma a Sudan kafin su sami kuɗin haye teku daga Sawakin, kuma babban burinsu shi ne su cika a wannan ƙasa a tsakiyar zuriyarsu. Abin da muka gada shi ne mutum ya cika a ɗakinsa, ɗansa na tallabe da kansa, 'yarsa na ɗiga masa zamzam, ana laƙƙana masa kalmar shahada. Ayar Suratul Isra'i ta ɗora nauyin iyayen da tsufa ya riska a kan 'ya'yansu, ba ta ɗora shi a kan ma'aikata ba. Sannan wane ne likita da zai ce wane ya gama? Mun ga waɗanda aka sallama daga asibiti aka ce a je gida a jira, suka tashi suka yi aikin Hajji.

Ummu Yasir (Jidda)

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ni ce na kawo shawarar, kuma da a ce mutanenmu suna cikawa yadda ka siffanta, da ban buɗe baki ba. Ina aiki a sashen masu ciwon daji, kuma abin da nake gani daban ne. Idan cutar ta kai ƙashi ko ta cika huhu da ruwa, dare ba ya ƙarewa a gida. Ciwo zai tashi ƙarfe uku, 'ya'ya su ruɗe, a ɗauko tsoho a mota zuwa ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, ya kwanta a gadon da ake turawa har gari ya waye, a yi masa allura a mai da shi gida, bayan kwana biyu a sake dawowa. A ɗaya daga cikin waɗannan zuwa ne numfashinsa zai sarƙe, a shige da shi sashen kulawa ta musamman, a zura masa bututu a maƙogwaro, a ce iyali su jira lokacin ziyara. Da yawa daga cikin iyayenmu a can suke cikawa, ba su iya furta kalma ɗaya, kuma ɗan da ya kamata ya tallabe kan yana zaune a baranda. Saboda haka zaɓin da ke gabanmu sau da yawa tsakanin wancan sashe ne da gidan da nake magana a kai, domin cikawa a ɗaki da muka gada ta riga ta kuɓuce tun daren farko da ciwo ya fi ƙarfin iyali.

Gidan da nake nufi ɗakuna ne kaɗan, kowane da gadon majinyaci da shimfiɗar mai jinya, babu lokacin ziyara, akwai nas dare da rana, likita yana zagayowa, abinci kuma daga gida ake kawowa idan mutum ya fi son kunu da tuwonsa. Ba a yaƙi da cutar a can, ana yaƙi ne da ciwo da amai da sarƙewar numfashi da gyambon kwanciya.

Likita Abu Salma (Riyad)

Kawu, maganarka kan ajali gaskiya ce, kuma babu likita mai hankali da zai ja da ita. Abin da muke yi kirdado ne bisa abin da aka saba gani, kuma kirdadon yana kuskure ta gaba da ta baya. Ko a Amurka, inda bisa dokar 1982 tsarin inshorar tsofaffi na gwamnati yake biyan kuɗin irin wannan kulawa ga wanda ake tsammanin saura masa wata shida ko ƙasa da haka, akwai waɗanda suke wuce wa'adin, a sake duba su, wasu ma a sallame su.

Amma ina so in gyara fahimtar cewa shiga irin wannan gida yana nufin an yar da mutum. Wadda ta kafa na farko a wannan zamani, Cicely Saunders, ta fara ne a matsayin ma'aikaciyar jinya, daga baya ta karanta likitanci saboda ta ga yadda asibitoci ke juya wa masu ciwon ajali baya da zarar an ce babu sauran tiyata ko allurar kashe cuta. A 1967 ta buɗe St Christopher's a Landan, kuma abin da ta nace a kai shi ne a ba da maganin ciwo a kan lokaci kafin ciwon ya dawo, kuma a gane cewa azabar majinyaci ta haɗa da tsoro da tunanin iyali da damuwar abin da zai tarar. A Ingila da yawa daga waɗanda ake kwantarwa suna komawa gida bayan an daidaita musu magani, kuma mafi yawan aikin waɗannan gidaje a gidajen mutane ake yin sa. Akwai kuma binciken da aka buga a 2010 daga wani babban asibiti a Boston kan masu ciwon dajin huhu 151 da cutarsu ta bazu: waɗanda aka haɗa musu kulawar sauƙaƙa ciwo tun farko sun fi samun natsuwa, kuma matsakaicin abin da suka rayu wata 11.6 ne, sauran kuma wata 8.9. A nan Saudiyya ma abin ba baƙo ba ne, domin Asibitin Sarki Faisal da ke Riyad ya fara wannan sashe tun farkon shekarun 1990.

Maman Fa'iza (Rusaifa)

Kawu, ka yi mini afuwa, ni 'yarka ce, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ɗan da ke tallabe kai yana zuwa ne a sa'ar ƙarshe. Watannin da suka gabaci wannan sa'a, wa ke ɗaki? Na yi jinyar surukina har Allah ya karɓi abinsa, kuma ba na da-na-sani, amma zan faɗi abin da mata ba sa faɗa a gaban maza. Majinyacin da ba ya iya motsi sai an juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba bayansa ya buɗe da gyambo. Sai an canja masa shimfiɗa, sai an yi masa tsarki. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba saboda kunya, ni ce nake kwance masa zane, shi yana juya fuska bango yana hawaye, 'ya'yansa maza suna wurin aiki domin kafili ba ya jin uzurin jinya na wata da watanni. Wannan hawayen ya fi ciwon damuna. Da akwai wurin da namiji ma'aikaci zai yi masa wannan, ni kuma in zauna gefensa in ba shi kunu in karanta masa Yasin, da mutuncinsa ya fi tsaruwa, kuma ban ga ta inda hakan zai rage mini lada ba.

Kawu na Tundubawi

'Yata, Allah ya biya ki, kuma abin da kika faɗa ya taɓa ni. Amma laifin na 'ya'yansa ne, kuma maganinsa a yi wa 'ya'ya faɗa. Tsorona shi ne ranar da aka buɗe wannan gida, wanda yake jin kunyar barin mahaifinsa zai daina ji, domin an ba shi wurin ajiya mai suna mai kyau. Yau za a ce na masu ciwon ajali ne, gobe za a kawo tsohuwar da laifinta kawai ta ruɗe tana yawan magana.

Malam Abu Ammar (Madina)

Bismillah. Kawu, tsoron da ka ambata na ƙarshe shi ne mafi ƙarfin hujjarka, kuma ina ganin sharaɗi ne ke maganinsa: kada a karɓi kowa sai da takardar likita, kuma kada a karɓi kowa sai da wani nasa da zai kwana tare da shi. Biyayya ga iyaye ita ce yi musu abin da ya fi musu alheri, kuma babu mai cewa wanda ya kai mahaifinsa asibiti don tiyata ya saɓa masa.

Akwai abubuwa biyu da jama'a ke haɗawa alhali shari'a ta raba su. Gaggauta mutuwar majinyaci da allura ko wani abu haramun ne, ko da shi ya roƙa, kuma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mutum ya yi burin mutuwa saboda cutar da ta same shi. Barin maganin da masana suka tabbatar ba ya amfani kuwa wani abu ne daban. Kwamitin Fatawa na Dindindin na wannan ƙasa ya ba da fatawa mai lamba 12086 a shekarar 1409 ta Hijira cewa idan ƙwararrun likitoci uku amintattu suka haɗu a kan cewa farfaɗo da zuciyar majinyaci ba zai amfane shi ba, babu buƙatar a yi, kuma a kan wannan fatawa asibitoci suke tafiya. Fatawar ta ma bayyana cewa wannan hukunci na masana ne, ba ya rataya kan ra'ayin dangi, ko da yake ladabi da tausayi suna buƙatar a zauna da su a yi musu bayani har su fahimta.

Kawu na Tundubawi

Malam, na ji. To allurar nan ta mofin, mai kashe ciwo mai tsanani, fa? Na ga wanda aka yi wa, ya yi barci bai farka ba. Idan an gusar wa mutum da hankali, da wane baki zai yi shahada?

Likita Abu Salma (Riyad)

Kawu, wannan tambaya ita ce aka fi yi mini a ɗakin jinya. Abin da ke faruwa yawanci shi ne iyali suna ƙin maganin har sai mutum ya shiga kwanakinsa na ƙarshe, sannan su yarda, idan ya cika sai a ce allura ce ta kashe shi, alhali cutar ce ta kai inda za ta kai. Idan an fara da wuri, ana farawa da kaɗan ne ta baki, duk bayan awa huɗu, ana ƙarawa sannu a hankali gwargwadon ciwon, kuma wannan shi ne tsarin matakai uku da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986. Gyangyaɗin kwanakin farko yakan wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, shi ya sa kullum ake haɗawa da maganin sassauta ciki. Na ga mutanen da ciwo ya hana su salla na makonni, bayan an daidaita musu magani suka nemi a juya su alƙibla suka yi taimama. Wanda yake kururuwa yana cizon matashi ba ya cikin halin da zai ji mai laƙƙana masa kalma. Barcin da ke ƙaruwa dab da ƙarshe kuwa yana zuwa ko an sha magani ko ba a sha ba, kamar yadda ƙin abinci yake zuwa, kuma ɗura wa mutum abinci da ƙarfi a wannan hali yana iya sa ya shaƙe ya shiga huhunsa.

Ɗan Mai Wurno (Jidda)

Salamu alaikum. Ni daga Sudan na zo, kuma ina so in ja hankalinku daga gini zuwa abin da ke cikin gini. A Khartoum an buɗe sashen wannan kulawa a 2010 a asibitin ciwon daji da muke kira Zarra, kuma abin da mutanenmu na ƙauyukan Sinnar da Jazira suka amfana da shi shi ne maganin ciwo da ake ba su su tafi da shi gida da kuma koya wa mai jinya yadda zai yi. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 marasa lafiya suka koma Wad Madani, a Disambar shekarar ita ma ta faɗa cikin yaƙin, kuma abin da iyalai suka fi kuka da rashinsa shi ne maganin. Ku dubi Uganda, inda likita Anne Merriman ta fara aiki a 1993 da garin mofin da ake dama shi da ruwa a zuba a kwalba, har a 2004 ƙasar ta yarda ma'aikatan jinya da aka horar su riƙa rubuta shi. Sun kai ga dubban gidaje ba tare da sun jira gadaje ba. Gida mai hawa biyu zai ɗauki mutum nawa? Kuɗin nas uku da za su yi karɓa-karɓa a cikinsa, gidaje nawa zai zagaya?

Abu Nasir (Misfala)

Ni aikina bin takardu a ma'aikatu, don haka bari in zuba wa maganar ruwan sanyi. A wannan ƙasa ba a buɗe wurin kwantar da marasa lafiya sai da lasisin Ma'aikatar Lafiya, kuma akwai sharuɗɗa kan ginin kansa da ma'aikatan da takardunsu. Mofin yana cikin magungunan da doka ta fi tsanantawa a kansu, ana ƙirga shi ana rubuta kowane fitarsa, kuma wanda aka kama da shi ba bisa ƙa'ida ba niyyarsa ta alheri ba za ta fitar da shi ba. Sannan akwai maganar da kowa ke kewayewa. Ɗan ƙasa yana da asibitin gwamnati, mai iƙama da aiki yana da inshorar kamfani, amma waɗanda suka fi buƙatar wannan gida su ne tsofaffin da aka haifa a nan ko suka shekara hamsin a nan kuma takardunsu ba su cika ba. Wuri mai lasisi dole ya rubuta sunan kowa da lambarsa. Idan ba mu warware wannan ba, za mu gina wa waɗanda suke da mafita ne.

Ummu Yasir (Jidda)

Yaya Abu Nasir, ba ni da amsar maganar takardu, kuma na yarda ita ce mafi wuya. Amma ban janye ba, domin akwai majinyatan da gida ba ya iya riƙe su ko da nas tana zuwa kullum: wanda ciwonsa ya fashe yana zubar da jini, wanda yake ruɗewa da dare yana fizge komai, da wanda iyalinsa mutum tara ne a ɗaki biyu a saman dutse inda sai an goyo shi ake saukowa da shi. Abin da zan iya sassautawa shi ne tsarin farawa. Asibitocin gwamnati da dama suna da sashen jinya a gida, su ke da ikon rubuta magani. Mu kuma abin da ba ya buƙatar lasisi za mu iya fara shi gobe, wato gadon asibiti na aro, katifar iska mai hana gyambo, keken guragu, da mutanen da aka koya wa juya majinyaci da wanke shi waɗanda za su karɓi mai jinya na dare ɗaya ta yi barci. Idan wannan ya tsaya da ƙafarsa, sai a nemi wata ƙungiyar agaji mai rajista a yi maganar ɗakuna da ita.

Maman Fa'iza (Rusaifa)

Malam Abu Ammar, ina da tambaya da ta shafi wannan kai tsaye. Ba za a kai mutum irin wannan gida ba tare da ya gane halin da yake ciki ba, mu kuwa al'adarmu ɓoyewa. Surukina ya cika ana ce masa gyambon ciki ne. Shin mun kyauta?

Malam Abu Ammar (Madina)

Hajiya, niyyarku tausayi ce, Allah ya karɓa. Amma hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba, kuma mutum yana da bashin da shi kaɗai ya sani, da amanar da aka ba shi, da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana. Wani yana da gona a Najeriya ko Nijar da babu wanda ya san iyakarta sai shi. Idan an ɓoye masa, an hana shi gyara waɗannan. Ba na cewa a jefa masa magana a fuska ko a ambaci adadin kwanaki. A tambaye shi abin da yake son sani, a ba shi gwargwadon abin da ya nema, a haɗa da kyautata zato ga Allah. Yawancin tsofaffinmu sun riga sun gane, suna yin shiru ne don kada su tayar wa 'ya'yansu da hankali.

Kawu na Tundubawi

Har yanzu ba na son a ce ga gidan da ake kai mutane su mutu, kuma idan aka zo jefa ƙuri'a a kan ginin, ina nan a kan bakana. Amma maganar gadaje da koyar da jinya na goyi baya, da sharaɗin a fara da maza. Kowane gida da ke da tsoho kwance ya turo ɗa namiji ɗaya a koya masa juyawa da tsarki, domin kada a sake barin matar ɗa da abin da bai kamace ta ba. Baban Hafsa, ka rubuta jikana na fari a cikinsu.

Ummu Yasir (Jidda)

Na gode, Kawu. Ɓangaren mata zan iya ɗauka ranar Asabar da ba ni da aiki, in an samo ɗaki da gado ɗaya na gwaji a Makka. Ɓangaren maza kuwa sai an sami nas namiji, kuma zai fi kyau ya kasance mai jin Hausa, domin tsofaffin da za a shiga ɗakunansu da yawa ba sa sakewa da Larabci idan maganar ta zo kan jiki. Wanda ya san irinsa a Makka ko Jidda ya sanar da Baban Hafsa kafin zama na gaba.